Shatin Sarƙa a Wuyan Ikilima

Gwaggo Yelwa ce ta fara gani. Ikilima na durƙushe tana zuba mata ruwan alwala, mayafinta ya zame, ta kai hannu da sauri za ta ja shi, Gwaggo ta riƙe hannun gam.

"Tsaya tukuna. Mene ne wannan a wuyanki?"

"Ba komai, Gwaggo. Ƙurajen zafi ne."

"Ni za ki gaya wa ƙurajen zafi? Na girmi ubanki fa."

Ta fizge mayafin gaba ɗaya. Ga su nan kuwa, ƙananan ƙuraje sun zagaye wuyan, wasu sun ɗuri ruwa, wasu sun fashe saboda susa. Layi ɗaya suka bi kamar an zana su da alƙalami, daidai inda siririyar sarƙa take kwance. Kunnuwanta ma sun kumbura, hujin yana tsattsafo da ruwa.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un! Rahmatu! Fito ki ga abin da aka yi wa 'yarki!"

Inna ta fito daga madafa, ta kalla sau ɗaya, ta sunkuyar da kai. Ikilima 'yar fari ce, ko sunanta Inna ba ta kamawa, balle ta sa baki a maganar aurenta. Shi ya sa duk abin da ya shafi Ikilima yake hannun Gwaggo, yayar mahaifinta, wadda ta dawo gidan da zama tun rasuwar mijinta.

"Wa ya ba ki sarƙar nan?"

Ikilima ta kawar da kai. Kowa a gidan ya san amsar.

Munzali ne. Makanikin babura, ɗan garin Mashi, mai rumfa a gefen tasha. Shekara guda ke nan yana neman aurenta. Tun da aka ƙaddamar da Shari'a mahaifinta Malam Kabiru ya hana zance a ƙofar gida, sai dai a zaure, bayan la'asar, ƙofa a buɗe. Munzali bai taɓa ƙorafi ba. Da ya je Damagaram sayo kayan babur, ya dawo mata da sarƙa da 'yan kunne masu ruwan gwal. Tun ranar ba ta cire su ba, da su take kwana, da su take tashi. A kwana na uku ƙaiƙayi ya fara. Ta yi ta susa a ɓoye, tana rufewa da mayafi, don gani take in ta cire sarƙar kamar shi ta cire daga ranta.

"Damagaram!" in ji Gwaggo, tana tafa hannu. "Ai can ya je aka haɗa masa. Ni dama na san ba banza ba. Yarinyar da ko ido ba ta iya ɗagawa, a ce ta ƙi ɗan gidan Alhaji saboda mai baƙin mai a farce? Sammu ne, wallahi sammu ne, ga shi nan ya fito fili."

Ɗan gidan Alhajin da take nufi shi ne Anwar, ɗan Alhaji Ɗantsoho na Baure, masu cinikin shanu a kasuwar Mai'aduwa. Dangin marigayi mijin Gwaggo ne, kuma tun bara take yi masa yaƙi.

Bayan azahar Malam ya sallami ɗalibansa ya shigo. Ya daɗe yana kallon wuyan 'yarsa.

"Ikilima, kafin sarƙar nan akwai ƙurajen?"

"Babu, Baba."

"Ka ji ko, Kabiru!" Gwaggo ta miƙe. "Yanzu Shari'a ake yi. A kai shi gaban alƙali."

"Ba zan kai ɗan mutane kotu babu shaida ba, Yaya," ya ce a hankali. "Amma kuma ba zan ba shi 'yata ina kallon wannan ba. Cire ki ba Gwaggonki. Zan aika wa kawunsa, ya daina zuwa, ya zo ya karɓi kayansa."

Ikilima ta ɓalle sarƙar da 'yan kunnen ta miƙa wa Gwaggo. Ba ta yi kuka a gabansa ba. Sai da ta shiga ɗaki ta kifa kanta a kan keken ɗinkinta, sannan abin ya ƙwace mata.

Kwana biyu Gwaggo na aiki a kanta. Hayaƙi safe da yamma, jiƙo mai ɗaci, da wani baƙin gari da ake kwaɓawa da man shanu a lafta mata a wuya. Wurin ya ƙara yin zafi, ya yi ta raɗaɗi kamar an zuba barkono.

A rana ta uku Maijidda ta shigo da atamfa za a ɗinka mata. Maƙwabciyarsu ce, ma'aikaciyar lafiya a wani ƙaramin asibiti. Tana ganin wuyan ta ajiye atamfar.

"Ke Ikilima! Wane ne ya yi miki wannan kwalliyar ta dodanni?"

"Gwaggo ce. An ce sammu aka yi min, Anti."

"Sammun lafiya? Ɗebo ruwa mai sanyi da tsumma mai tsabta."

Ta wanke baƙin garin a hankali, tana dubawa. Ta ɗaga mata haɓa, ta juya kunnuwan.

"Gaya min gaskiya. Kin taɓa sa ɗan kunne ya ci miki kunne?"

Ikilima ta yi tunani. "Na sallar da ta wuce waccan. Sai na cire na koma na roba."

"Fil ɗin da kike kama mayafi da shi fa?"

"Wani lokaci yana min ƙaiƙayi a nan," ta nuna ƙasan haɓarta.

"To ai kin gama magana. Akwai wani ƙarfe da ake ce wa nikel, da shi ake yin yawancin sarƙoƙin nan, sai a shafa musu ruwan gwal a sama. Wasu jikinsu lafiya lau yake da shi. Wasu kuwa, irinki, fatarsu ba ta jituwa da shi ko kaɗan. In zufa ta jiƙa shi sai ya riƙa sauka a fata, bayan kwana ɗaya zuwa uku ki ga ƙuraje daidai inda ya taɓa. Ba ya yaɗuwa, ba a ɗauka, ba kuma aikin kowa ba ne. Ke kuma ga bazara, ga ki da kwana da ita. Soyayya dai ta sa kin dafa wuyanki."

Ikilima ta rufe fuska da tafukanta, kunya da murna suka haɗe mata.

"Zai warke, Anti?"

"Tsaf. Zan kawo miki man shafawa daga asibiti, ki riƙa shafa kaɗan safe da yamma na mako guda, kada ki wuce haka. Ki bar susa, ki yanke farcen nan. In ƙaiƙayi ya matsa, ki ɗora tsumma mai sanyi. In kin ga ya fara ruwa mai wari ko zazzaɓi ya kama ki, ki zo asibiti da kanki. Amma maganin gaskiya ɗaya ne, ki rabu da ƙarfen nan har abada. In za ki yi ado, ki nemi gwal na ainihi, ko azurfa mai kyau, ko duwatsu."

"Don Allah, Anti, ki gaya wa Gwaggo."

Maijidda ta gaya mata, a tsakar gida, da ladabi. Gwaggo ta saurara har ƙarshe tana taunar goro.

"Sannu, likita. Mu da muka sa ƙarau da mundaye tun ba a haifi uwarki ba, me ya sa bai ci mu ba? Ku 'yan boko komai ku ce ƙarfe ne, ku ce ƙwayar cuta ce. Ki bar man naki dai, ba na hana magani."

Cikin mako guda wuyan ya bushe, ƙurajen suka yi ɓawo suka fara zuba, sai ɗan duhu da ya rage. Ikilima ta zaci shi ke nan gaskiya ta fito. Ashe ba haka ba ne.

"Ka gani ko, Kabiru?" in ji Gwaggo. "Ana raba ta da sarƙar ta warke. Wace shaida kuma kake nema?"

Malam ya gyaɗa kai. Ikilima ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Warkewar da ta yi ta roƙon Allah a kai, ita ce ta ƙara ɗaure Munzali.

Ranar Talata da safe Gwaggo ta shigo ɗakinta da wani ɗan akwati ja. A ciki agogon mata ne, maɗaurinsa sai ƙyalli yake.

"Toshin Anwar ne. Gwal ne zalla, daga Makka mahaifinsa ya taho da shi. Ubanki ya ce ba ya yi wa 'ya'yansa dole. In kin karɓa kin ɗaura da hannunki, ya san kin yarda, ranar Juma'a bayan masallaci mutanen Baure su zo gaisuwa. In kin ƙi, sai ki zauna ki tsufa a kan keken ɗinki."

Sau uku a baya ana kawo toshin Anwar tana mayarwa. Yau ma ta buɗe baki za ta ce a'a, sai idonta ya tsaya a kan maɗaurin. Maganar Maijidda ta faɗo mata: yawancinsu ƙarfen nan ne a ƙasa.

In shi ne, hannunta zai yi abin da wuyanta ya yi, kowa ya gani da idonsa. In kuwa gwal ne na ainihi kamar yadda Gwaggo ta ce, babu abin da zai fito. Ta karɓi toshi ke nan, ta yarda da bakinta, ba ta da hanyar komawa.

Ta miƙa hannun hagu.

Gwaggo ta rangaɗa guɗa har sau uku. "Alhamdu lillahi! Sammu ya karye!"

Washegari bayan la'asar aka yi sallama a zaure. Tun kafin a faɗa mata ta gane muryar. Munzali ne ya zo karɓar kayansa, bayan ya yi ta jan ƙafa kwana da kwanaki. Malam ya tafi ta'aziyya bayan rijiyar Kusugu, don haka Gwaggo ta ɗauki ƙunshin sarƙar ta ce, "Taso ki miƙa masa da hannunki, ya san an gama."

Yana tsugune a bakin zaure. Ya rame, idanunsa sun faɗa. Ya gaida Gwaggo, ta amsa da ƙyar, ta zauna a kan dakali tsakaninsu.

"Ikilima, ya jikin?"

"Da sauƙi."

"Na ji abin da ake faɗa a kaina. Har a tasha an daina kawo min gyara, wai kada in shafa wa babur wani abu." Ya yi murmushin da ya fi kuka ciwo. "Wallahi tallahi, a kan teburin kasuwa na saye ta, a gaban jama'a. Na daɗe ina zaɓe, ina tunanin wacce za ta dace da ke. Da na san za ta taɓa lafiyarki, da hannuna ya karye kafin in ɗauka."

"Na sani," ta ce, hawaye na bin kumatunta.

"In kin sani, ya ishe ni. Ko duk Daura ta ce ni boka ne, in dai ke kin sani, zan jira. Shekara nawa ne, zan..."

Ta miƙa masa ƙunshin. Hannun hijabinta ya ja baya, agogon ya yi wal a hasken yamma.

Idonsa ya sauka a kai.

"Na wa ne wannan?"

"Na mijin da za ta aura ne," in ji Gwaggo. "Da hannunta ta karɓa, babu wanda ya matsa mata. Jibi za a kawo gaisuwa."

"Gwaggo, don girman Allah ki bari ita ta faɗa. Ikilima, dube ni. Da hannunki?"

Ta ɗaga ido ta dube shi. Duk bayanin yana bakinta, amma ga Gwaggo ta kafa mata ido. Kalma ɗaya in ta fita, za a kwance agogon nan take, a ce makirci ne, komai ya rushe.

"Da hannuna," ta ce.

Ya sunkuyar da kai. Sannan ya karɓi ƙunshin da hannu biyu, ya sa a aljihu.

"Ke da kika ce min ko gidan kara ne za ki zauna. Ke da kika ɗinka min riga kika ƙi karɓar ko godiya." Muryarsa ta karye. "Ban ga laifinki ba. Wa zai auri wanda ake nunawa da baki? Na sallama rumfar. Jibi zan bi motar takwas ta safe in koma Damagaram wurin wanda ya koya min aiki. Allah ya ba ku zaman lafiya. Ki yafe min wuyanki."

"Munzali..."

"Shige ciki," in ji Gwaggo.

Ta shige. Tana ji ya tayar da babur, ya mutu, ya sake tayarwa, ƙarar ta yi ta nisa har ta ɓace.

A ɗaki ta zame agogon ta duba. Fatar nan sumul, ko ɗigo babu.

Ranar Alhamis ta matse maɗaurin har ya kwanta a fata. Ta karɓi dakan gero daga hannun Inna, ta daka a tsakiyar rana, zufa na tsiyaya har gwiwar hannu. Ta share tsakar gida, ta wanke tukwane. In za ta yi alwala sai ta zame shi sama, tana idarwa ta mayar da shi kan jiƙaƙƙiyar fata. Gwaggo na ta yaba mata, wai amarya ta fara koyon aikin gidan miji.

La'asar ta yi, babu komai. Magariba ta yi, babu komai. Mata sun fara suyar cincin ta baƙin gobe, ƙamshi ya cika gidan, ita kuwa sai duba hannun take. Ashe da gaske gwal ne? Ashe da hannunta ta kori Munzali, ta kuma ɗaura wa kanta auren da ba ta so? A kan sallaya ta kasa haɗa addu'a, abu ɗaya kawai take maimaitawa: "Ya Allah, ka san bai yi ba. Ka san bai yi ba."

Ƙaiƙayi ne ya tashe ta da asuba.

Ba ta yarda ba sai da gari ya waye ta fito haske. Ta zame agogon. Ƙuraje sun yi wa hannun zobe, faɗin maɗaurin cif, har da shatin maɓallinsa a ciki. Hannun ya kumbura yana zafi. Ba ta taɓa ganin abin da ya yi mata kyau kamar ƙurajen nan ba.

Malam na zaune a ƙofar turakarsa yana shan koko kafin ya fita zaure, Gwaggo na gefe tana ƙirga masa baƙin da za su zo. Ikilima, wadda ba ta taɓa fara yi wa mahaifinta magana ba sai in shi ya tambaya, ta zo ta durƙusa ta miƙa hannun.

"Baba, ka duba."

Ya ajiye ludayin. Ya kama hannun ya juya shi, ya sake juyawa.

"Ƙurajen zafi ne," in ji Gwaggo da sauri.

"Yaya, ke kika ce ƙurajen zafi ba sa bin layi."

"To sauran na wancan ne ya zagayo!"

"Ya bar wuya, ya bar hannun dama, ya zo ya kwanta a ƙarƙashin agogon Anwar kaɗai?" Ya kankare bayan maɗaurin da farce, ruwan gwal ɗin ya ɗan tashi, farin ƙarfe ya leƙo. "Ɗayan biyu ne. Ko dai mu ce ɗan Alhaji ma ya yi mata sammu, mu faɗa wa mutanen Baure haka in sun zo, ko kuma mu yarda 'yar asibitin nan gaskiya ta faɗa. Wanne kika zaɓa?"

Gwaggo ta juya kai gefe.

Malam ya juyo ga 'yarsa. "Kin san haka zai faru kika ɗaura?"

"Ban tabbata ba, Baba. Na dai san in na faɗa da baki ba za a yarda ba." Kuka ya ci ƙarfinta. "Ka yafe min. Ba don ina son Anwar na karɓa ba. Bai yi min komai ba, amma ba shi nake so ba."

"Kika ƙona jikinki don ki nuna min kuskurena." Ya runtse ido. "Kullum ina zaune a zauren can ina karantar da mutane haɗarin zato, ga shi na ɓata sunan ɗan Musulmi a gari da zato. Kada ki ƙara yi wa kanki irin wannan, kin ji ko? Je ki wanke hannun, ki shafa man da aka ba ki."

Ya ɓalle agogon da kansa ya sa a tafin Gwaggo.

"Ki mayar da girmamawa. Ni zan ba Alhaji haƙuri da bakina, ba laifin ɗansa ba ne. Munzali kuwa, bayan masallaci zan je har rumfarsa in nemi gafararsa, in ce ya turo kawunsa."

"Baba," ta ce da sauri, "ba zai kai masallaci ba. Ya ga agogon a hannuna. Ya sallama rumfar, yau zai bi motar takwas ya bar garin."

Malam ya dube ta. Ya zura takalmansa, ya bar kokon a nan, ya ratsa ta zaure. Ɗalibai suka miƙe suna "Allah gafarta Malam," ko waiwaye bai yi ba. Mutumin da duk unguwa ta san shi da tafiyar ƙasaita, yau ga shi ya tattare babbar riga a kafaɗa ya miƙe hanyar tasha yana haɗawa da sassarfa.

Ikilima ta jingina da bango, ta riƙe hannunta mai raɗaɗi a ƙirji. Ta saci kallon agogon da ke kwance a tafin Gwaggo.

Takwas saura minti goma.